Ƙullin da Na Yi wa Inna a Wangolo

Ni ba mai tafiya ba ce. In an cire gidan suna da gidan rasuwa, sai in yi wata uku ban wuce Roxy, nan cikin unguwarmu, ba. Ko Treichville, inda autarmu take aure, sai na kwana biyu ina shiri kafin in je, kuma mota na hawa gada nake rufe ido don kar in ga ruwan nan. Gidanmu na Adjamé Saint-Michel, a nan Abidjan, ya ishe ni duniya: ɗaki biyu, firigo biyu, da tsakar gida da muke rabawa da maƙwabta. Sana'ata ƙulla bisab, wato zoɓo, da ruwan citta a leda. Tun ban kai in yi azumi ba nake ƙullawa, kuma duk unguwar an san ƙullina. Ba ya ɗiga, ba ya kwancewa. Mai son sha sai dai ya ciji leda.

Amma motocin tafiya na san su kaf, da kunne. Tashar manyan kar, wato bas-bas, ba ta da nisa da mu, ina zaune gaban bokitina zan ce wannan ta Bamako ce ta tashi, wannan mai kukan kamar rago ya shaƙe ta Yamai ce. Ban taɓa taka matakalarsu ba, amma na san muryar kowacce.

Ta Yamai ita ce ke ɗauke mini Inna kowace shekara. A lokacin hanyar Burkina lafiya lau take, Inna kan tafi garinsu can wajen Tawa a Nijar ta gaida yayanta, kwana uku ko huɗu a hanya, kuma kullum da auta take tafiya. Ni ce nake zaune da Inna. Ni ke dama mata koko, ni ke yanke mata farce, ni ke jin tarinta ta bango. Amma ni 'yar fari ce, kuma Inna mutuniyar da ce, tana yi mini kunyar nan ta ɗan fari. Ba ta kiran sunana. "Ke" take ce mini, in ranta ya yi daɗi ta ce "mai bisab". Auta kuwa kafin ta cire takalmi an kira sunanta sau biyar. Ita ta yi lakwal, wato boko, tana aiki a farmasi, tana shigowa da ƙamshin turare tana "Maman, Maman", Inna tana washe baki kamar an kawo mata kujerar Makka.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ban iya sabawa da shi ba shi ne dawowarsu. Za su zauna a tsakar gidana, suna cin aceke, garin rogon nan, da kifin da na soya, sai auta ta ce, "Inna, kin tuna mai shayin Wangolo?" Shi ke nan. Ba ta ƙarasa ba, Inna ta riƙe ciki don dariya. In na ce me ya yi, sai su ce, "Ai ba ya faɗuwa, sai kin gani." Labarinsu duk na kwanan hanya ne. Yadda ake sauke mutane a fili in dare ya yi, a shimfiɗa tabarmi gefen mota, a kwana ana kallon sama. Wata shekara auta ta dawo tana ba ni labarin yadda Inna ta shigo Abidjan bisa motar kaya, zaune kan buhun albasa, da ni a goye. Da ni! Na ce a ina kika ji wannan? Ta ce, "A Wangolo, bisa tabarma." Shekara arba'in da wani abu ina gaban matar nan, ban taɓa jin wannan ba, kuma bayan da aka goya ni ne ake magana.

Sai kuma gyalen. Akwai wani tsohon gyale kore, dogo, marigayi Babanmu ne ya saya mata. Kowace shekara ni ke wanke shi, in goge, in ninke a saman jakarta, ina cewa don sanyin hanya ne. Rannan auta tana hira ta sake baki, ta ce ai in za su kwanta Inna kan ɗaure gefe ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun auta, haka suke kwana. Na ce, "Don me?" Auta ta ce, "Don kar mota ta tashi ta bar ɗaya." Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Ashe igiyar da ake ɗaure su nake gogewa da hannuna.

Shekarar da ta biyo na ce zan je. Maigidana ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce ke da gada ke kayar wa da gaba? Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi auta, auta ta dubi ƙasa, sannan Inna ta ce, "To wa zai kula da gida?" Na ce gida ba jariri ba ne. Kallon nan da suka yi wa juna shi ya ƙarasa ni. Da ba su yi shi ba, wataƙila da na fasa.

Ranar tafiya na fito da matashin kai biyu, da bargo, da ƙaramar tukunya, da kula cike da bisab mai ƙanƙara. Auta ta riƙe ƙugu a tasha.

"Yaya, ƙaura za ki yi? Ke fa gawu ce ta gaske." Gawu a bakin yaran Abidjan shi ne baƙauye.

"Gawun ce ta yi miki wanka kina tsotsar yatsa," na ce mata.

A cikin mota kujeru bibbiyu ne. Inna ta shige wajen taga, auta ta zauna kusa da ita ba tare da an ce mata ba, kamar kujerar gadonta ce. Ni aka ba ni ta ƙetaren hanya, kusa da wata Bajula mai kai zannuwa Bobo, mace mai kirki, ta yi ta miƙo mini goro. Muka wuce Yamusukuro, muka wuce Buwake. Kowa na kallon daji ta taga, ni ina kallon kan auta da ya kwanta a kafaɗar Inna.

Mun isa Wangolo bayan isha. Direba ya ce an rufe iyaka, sai da safe, kowa ya sauko ya nemi wurin kwana. To ga Wangolon da aka yi shekaru ana yi mini rowarsa. Fili ne na jar ƙasa a bakin kwalta, kar kamar shida sun jeru, manyan kamiyo na ɗaukar kaya sun fi haka, direbobinsu sun ɗaura raga a ƙarƙashin mota suna kwance suna lilo. Warin man gazuwal, warin ƙwai da ake soyawa, hayaƙin maganin sauro. Masu shayi sun jera tebura, wani inji na ta ruri a bayansu yana ba su wuta. Na nemi mai shayin nan da ake dariyarsa, na ga tsoho ne kawai mai hula, ban ga abin dariya ba. Amma yana hango su ya ɗaga hannu, "Hajiya da 'yarta! An dawo?" Da 'yarta. Ina tsaye a bayansu da tukunya a hannu.

Gaskiya auta ta san aikinta, wannan ba zan hana ta ba. Na nufi ƙarƙashin fitila, ta ce a'a, nan ƙwari ke taruwa. Na nufi gindin wata kamiyo, ta ce wannan da asuba za ta tayar ta feshe mu da hayaƙi. Ta kai mu gefen motarmu, wajen da mata suka taru, maza suna can ɗaya gefen. Takalma a ƙarƙashin tabarma, jaka a ƙarƙashin kai, katin shaida a cikin rigar mama. Tun da muka sauko kuma hannun Inna na cikin nata. Na ga haka, na ce a raina, ji shagwaɓa, kamar masu zuwa ɗaukar hoto.

Muka yi sallah, muka ci burodi da ƙwai. Inna ta kwanta a tsakiya, auta a damanta, ni a hagu. Sai ga gyalen ya fito. Ina kallo ta wutsiyar ido auta ta zagaya shi a hannun Inna, ta zagaya a nata, ta yi wani ƙulli sako-sako mai kunne ɗaya. Inna ta juya mini baya. Suka shiga ƙus-ƙus. Ni da nake jin faɗuwar cokali a ɗakin maƙwabta, injin nan ya hana ni kama ko kalma ɗaya, sai ƙaramar dariyar Inna da ke girgiza tabarma. Na kwanta a kan matashin kaina guda biyu, ga taurari da ban taɓa ganin yawansu haka ba a Adjamé, amma ko daɗinsu ban ji ba.

Auta in ta yi barci ko ganga ba ta tashe ta, tun tana ƙarama haka take. Da na ji numfashinsu ya daidaita sai na tashi zaune. Ban shirya ba, wallahi, hannuna ne ya tafi da kansa. Na miƙa ta saman Inna, na ja kunnen ƙullin auta, ya zare sulup. Na ce dubi ƙullin 'yan lakwal, da wannan ake riƙe uwa? Na jawo gyalen na ɗaura a hannuna, na yi masa irin nawa, na ninka. Na ga na hannun Inna ma sako-sako ne, na lallaɓa na ƙara masa ɗaya a kai, na ja a hankali. Na koma na kwanta, zuciyata na bugawa kamar na saci nama a miya. Amma daɗi na ji. Inna ta motsa, gyalen ya ja hannuna, na ji shi har cikin ƙirjina.

An kashe injin, fili ya yi tsit, sai minshari da kukan kwaɗi. Can na ji an ja gyalen sau biyu.

"Tashi ki kai ni," Inna ta ce ƙasa-ƙasa.

Na tashi ban yi magana ba, don muryata da ta auta ba a haɗa su. Na ɗauki buta, na tsaya in bar ta ta wuce, ni in bi baya, yadda aka koya mana. Ta miƙe ta tsaya. Ni ma na tsaya.

"Ki wuce gaba mana. Barci ne bai sake ki ba?"

Na wuce. Ta naɗe gyalen a hannunta har ya rage tsakaninmu kamu ɗaya. Bayin yana can ƙarshen fili, an bar fitila ɗaya a ƙofarsa, ga farin wata kuma, ni ina ganin har tsinken ashana a ƙasa. Na kama tafiya irin tawa. Ba mu yi taku goma ba na ji ta yi tuntuɓe da ƙafar wata mata da ke kwance, ta yi salati.

"Yau ba ki faɗa mini hanya? Ina kwatar nan ta bara, mun zo?"

Na juya na dube ta. Idonta a buɗe, fuskarta tana kallon gefen kunnena, inda babu kowa. Na ɗaga butar a gabanta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na sauke butar. A take abubuwa suka yi ta dawo mini. Yadda magariba na yi take hayewa gado ta ce ƙafafunta. Yadda take cewa "ke, miƙo mini carbi," alhali yana gefen gwiwarta, ni kuma ina gunaguni a raina cewa tsufa ya sa ta mulki. Da rana tana gani, tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ashe in dare ya yi dundumi ne ke rufe ta, a cikin gidana, a gabana, ban sani ba.

Na rage tafiya. In mun zo dutse sai in ɗaga gyalen sama, in mun zo kwata in tsaya in ja a hankali, ina "mm, mm" a maƙoshi. Muka isa, na juya baya, hannuna a miƙe ta ƙofar da ba ta rufuwa. Ta fito, ta ce in zuba mata ruwa ta yi alwala tun da ta tashi. Na tsuguna ina zubawa, ruwa na bin hannunta yana jiƙa gyalen.

"Bana ya fi bara," ta ce. "Ko fitilar ban gani, sai wani abu kamar hayaƙi. Ki dai riƙe bakinki, kar yayarki ta ji. In ta ji, ni da garinmu sai a lahira. Rufe ni za ta yi a ɗaki ta zauna a bakin ƙofa." Ta shafi kai, ta shafi kunne. "Ita ba ta iya riƙon abu da sassauci ba. Tun a kan buhun albasar nan haka take. Kwana huɗu, in na kwance goyo in huta sai ta damƙe mini wuyan riga, har yatsunta su yi fari."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, ta ja ƙarshensa yadda mutanen garinsu ke ja. Ta ce, "Wance kenan."

Ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ran nan. Butar ta karkace a hannuna, ruwa ya zuba a ƙafata. Da wata ce sai ta ce daɗi ya kashe ta. Ni abin da ya fara zo mini shi ne, ashe har sunana ma a wurin auta ake ajiye shi. Ciwon idonta na auta, labarin goyona na auta, sunana na auta. Ni aka bar mini koko da farce. Na ja ta muka koma, na kwantar da ita. Na ce bari in kwance in mayar wa auta kayanta kafin gari ya waye. Na sa farce, na sa haƙori. Ƙullin ya sha ruwa, ya sha ja, ya zama kamar ƙwallon goruba. Ina cikin fama barci ya sace ni.

Hon ne ya tashe mu. Motoci uku suka danna tare, fili ya hargitse, mata na naɗe tabarmi suna gudu. Na ce wa na kusa da mu su kwantar da hankali, ba tamu ba ce, tamu muryarta a shaƙe take. Suka tsaya, kuma haka ne. Wannan kaɗai na ci a tafiyar. Auta ta farka ta ga hannunta wayam, ta zabura tana "Maman!", sai idonta ya bi gyalen ya sauka a kaina.

"Yaya. Me kika yi?"

"Na ga ya kwance ne," na ce.

Ta kama ƙullin, ta juya shi, ta dube ni. "Wannan ai ba bisab ba ne! Kin san don me nake yin zarge? A iyaka kowa shi kaɗai yake sauka da katinsa. Ja ɗaya ake yi a rabu." Ta rage murya. "Ta tashi da dare?"

Na ce ta tashi. Auta ta rufe baki da hannu.

Tamu ta danna, ba lokacin tsayawa. Haka muka hau, ni gaba, Inna baya, a ɗaure. Dole auta ta koma kusa da Bajula, ni na zauna a kujerarta. Na samu abin da nake so, ga shi ko ɗaga kai na kasa. A iyaka muka sauko tare, jandarma ya dubi hannuwanmu ya tambaya da faransanci wace ce ta kama wata, mota duka ta ɗauki dariya. Bajula ta ciro reza daga jakarta. Inna ta janye hannu ta ce ba mai yanka mata gyale. Sai na roƙi man kaɗanya da tsinken sakace, na duƙufa. Mun kusa Banfora kafin nawa ya saki, na Inna kuwa sai da muka hango Bobo. Wurin ya yi mata shaida a fata, na yi ta murza mata.

Tana kallon taga ta ce, "Ƙullin mai bisab. Tun da na taɓa shi na san mai shi."

Na ce, "Yaushe kika taɓa shi, Inna?"

Ta ce wai in dubi mangwaron can, bana sun yi 'ya'ya.

Dare na biyu a garin Fada, cikin Burkina, muka kwana. Na zuba ido. Gyalen ya fito, duk ya yamutse ya sha mai, Inna ta miƙa wa auta hannu. Na juya musu baya tun kafin su juya mini. Da tsakar dare na ji sun tashi, sai ƙafar Inna ta taɓa tawa. "Ke, ɗauko buta." Auta a gaba tana faɗin dutse, rami, dama, hagu. Inna a tsakiya. Ni a baya da buta.

Da muka dawo Abidjan ban rufe ta a ɗaki ba. Na so, Allah ya sani na so. Shekarar da ta zagayo na wanke gyalen, na goge, na ninke a saman jaka, na raka su tasha, na dawo gida na zauna ina jin muryar motar har ta ɓace wajen babbar hanya. Sau biyu suka ƙara zuwa, daga nan hanya ta lalace, idon ma ya ƙara nauyi duk da maganin da auta ke kawowa. Yanzu in dare ya yi ni ke kai ta bayi, hannunta a kafaɗata, ina faɗa mata inda maƙwabta suka bar bokiti. "Ke" take ce mini har gobe.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. In ta taɓa ƙullin tun kafin alwala, to da ni take magana, sunan nan ni ta ba. In sai da safe ta taɓa, to na auta ne, ni satar ji na yi. Rannan na kasa haƙuri, na rufe firigo, na hau mota, na rufe ido a kan gada, na je Treichville takanas. Na samu auta tana yanka albasa. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, a duk kwanan hanyar da suka yi, Inna ta saba faɗin sunana?

Ta ajiye wuƙa, ta share ido da bayan hannu, tana dariya.

"Yaya, yako, sannu. Inna ta san za ki zo. Ta ce kar in gaya miki."

Ta zuba mini abinci, na ci, don na sha hanya. Ina ci ina hango gyalen ta ƙofar ɗakinta, a rataye jikin ƙusa. Har yau yana can.